Tumun Yayana da Zomon Ɗan Sarkin Indiya

A gidanmu ba a cin sabon hatsi sai Baba ya yanki zangarniyar farko. Ko gero ya nuna har tsuntsaye sun gaji da shi, ko maƙwabta sun cika unguwa da ƙamshin tumu, mu sai dai mu haɗiye miyau mu jira. Ranar da ya ga lokaci ya yi, Baba zai shiga gonar kaka da hantsi, gonar gadonmu da ke bakin kwari, ya yanki zangarniya ɗaya, ya yi bisimilla, ya ajiye ta a gindin wani baƙin dutse da ke tsakiyar gonar. Daga nan kowa ya ci. Kuma tun daga shuka har zuwa wannan ranar, mai gidan ba ya kwana a wajen gari, ko da rasuwa aka yi a wani wuri.

Mu zuriyar Azna ne, masu addinin gargajiya, amma tun zamanin kakana aka kama salla a gidan. An ce mutumin da ya sari garinmu ya gangaro ne daga kan tsauni da hauya a kafaɗa da iri a ƙulle, ya tarar kwarin yana da masu shi, waɗanda ido ba ya gani. Suka shirya a kan shi ya noma, su kuma su fara ci. Tun daga kansa sarautar noma take a gidanmu, daga uba zuwa babban ɗa. Baba bai taɓa wasa da salla ba, kuma duk wani abu na da ya watsar da shi, sai wannan ɗaya. In ka tambaye shi, ya ce sadaka ce. In ka ce sadaka ga wa, ya tambaye ka ko ba ka da aikin yi.

Shekarar da abin ya faru ina lakwal, wato makarantar boko, a Keita, na dawo hutu. Ruwa ya makara, rumbu ya ƙare tun kafin noman biyu, muna ta fama da hanza da ganyen tafasa. Yayana, babban ɗan Baba, shi ke riƙe da noman gidan kusan duka. Zai fita da asuba ba komai a cikinsa, ya dawo leɓensa a bushe. Geron garin ya soma nuna, amma na gonar kaka bai gama cika ido ba, Baba kuwa ya ce ba zai kai wa dutse abin kunya ba. Wata rana ya zagaya gonar ya tarar da kara babu kai a gefe guda, ga toka tana da sauran ɗumi.

Bai ma gama tambaya ba Yaya ya miƙe daga inda yake zaune.

“Ni nic ci, Baba. Yunwa nika ji.”

Da ya tsaya nan, na tabbata da faɗa kawai za a yi a wuce. Amma mu ƴan gidan nan harshenmu ya fi mu sauri, ni ma ban tsira ba. Yaya ya ƙara da cewa, “Mutumin da yam mutu tun ba a haihi kakanka ba, shi ka hana ni cin abin da nin noma da hannuna?”

Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, “Na rantse da gonar ga da wanda yas sare ta, ba ka ƙara cin hatsin gidan ga, ba ka ƙara kwana cikinai, in dai ina da rai.”

Kafin la'asar Yaya ya kama hanya. Matarsa ta bi shi bayan girbi. Ya tsaya a Madawa, ya shiga cikin masu lodin albasa a kan kamiyo, manyan motocin kaya, kuma nan ya zauna shekara da shekaru, har na gama karatu na zama malamin gona, har ƴaƴansa suka girma ba su san ƙofar gidanmu ba. Inna takan ƙirƙiro ciwon ƙafa ta ce sai likitan Madawa, kowa ya san ƙafar lafiyarta lau, kowa ya yi shiru. Na lura ko furar hanya ba ta ɗauka daga gida in za ta je. Lokacin na ɗauka tsoron Baba ne.

Ni kuwa haushi ne ya cika ni. Ina ganin girman kai ne kawai, tsoho ya faɗi magana yana jin nauyin haɗiye ta. Na yi masa magana da lalama, na yi da tsawa, na turo ƙannensa, na turo surukai. Daga baya na ɗauko liman da kaina a bayan moto. Liman ya zauna ya yi bayani mai kyau, ya ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Baba ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi.

“Malam, da da Allah nir rantse, da tuni na biya. Allah ya bar ma bawa ƙohwar hita. Wagga rantsuwa, waɗanda sunka san wankinta duk sun mutu. Kuma ba mu tambaye su ba, don lokacin kunyarsu mukai.”

Liman ya ce wannan rantsuwa ma ba rantsuwa ba ce, ba ta kama kowa. Baba ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa ruwa. Na mai da liman gida ina tuƙi kamar hanyar ce ta yi mini laifi.

Ana nan Baba ya soma tsufa da gaske. Tari ya kama shi, ƙafa ta fara kumbura, zuwa gonar kaka sai da sanda da hutawa a hanya. Ni kuma zama ya gagare ni. In ina biro, wurin aikina a Keita, hankalina yana gida, in ina gida ina tunanin Madawa, in na je Madawa na ga furfura a gemun Yaya sai in kasa cin abinci. Abin da nake gudu ɗaya ne, kada a kira Yaya a ce ya zo ya ɗauki makara alhali rabonsa da fuskar ubansa tun ranar tumu.

A wata damina furojen noman da nake wa aiki ya kawo wani Ba'indiye masanin gero, aka ce in zagaya da shi gonaki. Ɗan siririn mutum ne mai tabarau, ba ya cin nama ko na kaza, abin da ya sa direbanmu yake tausayinsa kamar maraya. Faransancinsa a karye yake, nawa Turancin ya fi nasa Faransanci karyewa, amma muna fahimtar juna. Ya san gero ƙwarai. Zai murza zangarniya a tafin hannu ya shinshina, kamar wanda aka haifa a Adar.

A wata gona kusa da Ibohamane mai gonar ya gasa mana tumu. Ba'indiyen ya ci yana lumshe ido, ya ce su ma haka suke yi a garinsu. Ni na ce alhamdu lillahi. Ina da mata da ƴaƴa, ina zaune a Keita, na yi shekaru ina zagin wannan al'ada, amma Baba bai yanka ba tukuna, hannuna ya ƙi miƙuwa. Da ya matsa da tambaya sai na gaya masa dokar gidanmu, a taƙaice, ban ambaci Yaya ba.

Bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa a wando ya ce su ma suna da labari irin wannan, kan sarkin da suke cewa shi ne tushen wata tsohuwar sarauta tasu, zuriyar rana. Wai jikan rana ne, kuma ubansa atishawa ya yi shi kuma ya fito ta hanci. Nan direba ya ƙware da tumu, sai da aka ba shi ruwa. Sarkin nan, in ji shi, ƴaƴa ɗari ya haifa. Wata rana za a yi wa kakanni sadakar nama, ya aiki babban ɗansa daji ya yi farauta. Yaron ya kashe namun daji da yawa, amma a hanyar dawowa yunwa ta ci ƙarfinsa, ya gasa zomo ɗaya ya ci, ya kawo sauran. Malamin fada ya dubi naman ya ce wannan ragowa ce, an riga kakanni sa hannu. Sarki ya kori ɗansa daga ƙasar.

Na so in tambayi abin da ya biyo baya, amma mai gonar ya ja shi ya nuna masa tsutsa a kara, maganar ta watse. Washegari kuma aka ba shi wani malamin gona ya wuce da shi wajen Bouza.

Ranar Juma'a na je gida na kwashe labarin na gaya wa Baba. Niyyata in soke shi ne, in nuna masa cewa irin wannan taurin kai sai a tatsuniyar mutanen da ake haifa ta hanci. Yana kwance a zaure, ya tashi zaune a hankali. Ya sa na maimaita wurin zomo. Ya tambaya ko har yanzu mutanen nan suna yi wa kakanninsu sadaka, na ce haka baƙon ya ce.

“Ke nan ba su yar da nasu ba,” in ji Baba. “Su tsohwahhinsu ba su mutu da sani ba.” Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro. “Tahi ka tambayo mani shi. Ɗan sarkin ga, kaka anka yi yad dawo? Mi anka yanka, mi anka ce? In su sun san wankin abin, ƙila ya yi muna.”

Na ce, “Baba, wannan fa labarin wata ƙasa ne, mu Musulmi ne. Ka ce ya dawo kawai mana, bakinka ne.”

Ya dube ni kamar ban taɓa shiga lakwal ba. “Kai kana tsammani ni nika ma kishin magana? In nic ce shi dawo, yac ci tuwon gidan ga, shi za ta kama, ba ni ba. Ka so in kira ɗana in kashe shi?”

Sai a ranar na gane me ya sa Inna ba ta ɗaukar fura. Duk shekarun nan ina kallon girman kai, ashe tsoro ne ke zaune a zauren nan. Ko na yarda da abin da yake tsoro ko ban yarda ba, shi dai ya yarda, kuma da shi yake kwana yake tashi.

Da sassafe na buga moto. Lambar Ba'indiyen ba ni da ita, ta direban kuma ba ta shiga. A Bouza aka ce sun fita tun jiya, sun nufi Deule. Damina ta cinye hanyar, na tura moto a cikin ƙorama da wando a naɗe, na faɗi a laka, na tashi na zagi lakar. A Deule wani mai shayi ya ce eh, ya ga baƙon da ba ya cin nama, har ya ba shi ƙwai ya ƙi, amma sun wuce. Esansi, man moto, ya ƙare mini a tsakanin ƙauyuka, na tura har inda ake sayarwa a kwalba. Duk hanya ina yi wa kaina dariyar takaici, malamin gona da takardunsa, yana bin Ba'indiye gari gari don ya ji yadda ake wanke rantsuwar Azna. Amma ban juya ba, don a ƙasan raina ni ma na fara sa rai.

A Madawa na cim musu, a bakin gudoro, titin kwalta, suna ɗaure kaya za su kama hanyar Yamai. Ba'indiyen ya ga laka har wuyana ya tsorata, ya ɗauka wani abu ya sami gonakin gwaji. Na ja shi gefe na gaya masa komai, har Yaya, har kumburin ƙafar Baba. Na ce ɗan sarkin nan, yaya aka yi ya dawo?

Ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi ba malamin addini ba ne, masanin gero ne, labarin ma a bakin kakarsa ya ji. Amma iyakar saninsa ba a yanka komai ba, ba a ce komai ba. Yaron ya zauna a daji har ubansa ya mutu, sannan ya dawo ya hau sarauta, ya yi mulki mai kyau, kuma har ya mutu mutane suna kiransa mai cin zomo. Ya ce ya yi baƙin ciki da ba shi da abin da ya fi wannan.

Ban nemi Yaya ba a ranar, ko da yake wurin lodinsu bai da nisa. Ban san me zan ce masa ba. A hanyar komawa na shirya ƙarya mai kyau, baƙin bunsuru, ƙwaryar nono, a zagaya dutse a faɗi kaza da kaza. Na gyara ta, na ƙara mata gishiri, har na fara jin daɗinta. Da na hango garinmu sai ta lalace a bakina. Baba zai karɓe ta, zai kira Yaya, kuma daga ranar duk tarin da Yaya ya yi, duk zazzaɓin da ya kama ɗansa, tsohon nan zai zauna yana tunanin ko wankin bai kama ba. Ni kuma na san babu wani wanki.

Sai washegari da rana tsaka na iso, na same shi a zaure, inda na bar shi. Bai bari na zauna ba.

“Ka gane shi?”

“Na gan shi, Baba.”

“Ya dawo, ɗan sarkin?”

“Ya dawo. Bayan uban ya rasu.”

Ina jin Inna a tsakar gida ta daina daka. Ya tambaya ko sarkin ya sake ganin ɗan nasa kafin nan, na ce yadda aka gaya mini, bai gan shi ba. Ya tambaya ko dajin da nisa, na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa mai kumburi.

“Sarki da dawaki,” ya ce a hankali. “Yaz zamna yana jiran mutuwa tai mashi aike.” Sai ya laluba sandarsa. “Akwai mai cikin moton ga?”

Na ce akwai, amma ina za mu? Ya ce Madawa. Na ce Baba, ba ka yanki zangarniya ba, in muka tafi yanzu dole ka kwana a can. Ni da na yi shekaru ina cewa dokar nan banza ce, ni ne na tsaya a ƙofar zaure ina tuna masa da ita. Ya ce ya sani. Ya ce abin da ya rantse a kan Yaya yana nan, ba shi da ikon ɗaga shi. Alhakin kwana a wajen gari kuwa a kansa zai faɗa, shi kuma ya riga ya ci nasa rabon na duniya.

Inna ta fito da ƙwaryar fura, ya ɗaga mata hannu ya ce ta mayar, ba abin gidan nan da zai bi shi. Muka ɗaura shi a bayana da rawaninsa, don kada ya zame. Bai fi nauyin damin hatsi ba. A duk ramin da muka faɗa ina jin numfashinsa a wuyana, ina tambaya ko mu tsaya, yana cewa in wuce.

Mun isa rana ta yi sanyi. Ana lodin wata kamiyo, maza suna hawa katako da buhu a wuya. Na gane Yaya tun daga nesa da tafiyarsa, amma Baba bai gane shi ba, yana ta duba fuskokin samari. Sai da na nuna masa mai furfurar nan da ke saukowa. Yaya ya hango mu ya tsaya cak a tsakiyar katako, har na bayansa suka fara yi masa ihu. Ya sauko, ya zo, ya durƙusa nesa kaɗan, ya kasa gaisuwa. Na kwance rawanin, muka zaunar da Baba a kan wani buhun albasa.

Ba wanda ya yi maganar gona, ba wanda ya ce a yafe. Baba ya daɗe yana kallonsa, daga gemu har zuwa tafin ƙafa.

“Ka tsuhwa,” ya ce.

“Kai ma, Baba.”

“Ba ni iya kai ka gida. Ka sani.”

“Na sani.”

“To ni ka kai ni naka. Tun sahe ban ci komi ba.”

Yaya ya miƙe, ya juya baya, ya durƙusa kamar yadda yake yi wa buhu. Ni na ɗora masa Baba, na bi su a baya ina tura moto.